Bakin farko ya tashi, na biyu ya ƙi: mi ke damun kunamar bindigar nan?

Ɗan Ƙofar Sauri:
Salamu alaikum 'yan uwa maharba, an wuni lafiya, ya sanyi. Dan Allah shawara nike nema wurin waɗanda suka san cikin bindiga don abin nan ya fara ci mani tuwo a ƙwarya. Bindigar mahaifinmu ce Allah ya jiƙanshi, baki biyu irin wadda ɗaya ke bisa ɗaya, ƙirar Italiya, lamba 12 wajen faɗin baki, kuma kunama ɗaya gare ta ba biyu ba. Tun da hunturun nan ya shigo in na harba bakin farko lafiya lau zai tashi, amma in na sake jan kunama don na biyu sai in ji ta laƙwas kamar ba a haɗa ta da komai ba. Ranar Asabar bakin dam ɗin Ajiwa garken kirinjijiya ya taso mani a gaba kamar in miƙa hannu in kama, na harba ɗaya na kuskure, na biyu ya ƙi, ina tsaye ina kallo suka tafi abinsu, yaron da na tafi da shi shina ta ƙunshe dariya. Abin da ya fi ɗaure mani kai ba kullum take yi ba, wani lokaci ta yi biyun garau wani lokaci ta ƙi. Mi ke jawo haka, kuma gyaran na gida ne ko sai an kai ta wani wuri?

Mai Walda na Mashi:
Wa alaikassalam. Wannan ai ƙaramin abu ne, sifirin ne ya saki. Ka kwance ta ka ciro na bayan kunama ka ɗan ja shi ya ƙara tsawo, sannan ka samu magagari mai laushi ka goge bakin ƙarfen da ke riƙe hama, wato abin da ke bugawa harsashi ya tashi, ya yi santsi, ka ɗiga baƙin mai. Minti 20 ka gama, na yi ma mutane da dama.

Tsohon Soja:
Yaro kada ka kuskura ka sa magagari cikin bindigar nan. Ka ajiye ta yadda take tukunna. Ina masallaci, in an idar da Isha'i zan yi maka tambayoyi.

Maharbin Sabke:
Hhhh mutanen Katsina da son gayu, kunama ɗaya wai don a ce bindigar manya. Ni tawa Baikal ce ta Rasha, kunama biyu, ta gaba na bakin dama ta baya na bakin hagu, kowa da aikinshi ba ruwan wani da wani. Shekara 19 ina yawo da ita daga Sabke har Daberam ko ciwon kai ba ta taɓa yi ba. Ka saida ta ka zo Daura mu koya maka farauta.

Ɗan Ƙofar Sauri:
Haba yaya, gado ne fa, ko ba ta tashi gaba ɗaya ba zan rabu da ita ba.

Tsohon Soja:
To na dawo. Amsa mani waɗannan ɗaya bayan ɗaya kada ka tsallake ko guda. Harsashin da kake sa mata yanzu shi ne wanda kake sawa bara ko ka canza, in ka canza ka duba jikin kwalin ka gaya mani giram nawa aka rubuta na nauyin ƙwayoyin da ke cikin harsashin. Wace riga kake sawa in za ka fita da asuba. Wane mai kake sa mata kuma ta ina kake zuba shi. Yaushe rabon da a cire katakon baya a duba cikinta. Sannan in ta ƙi, kunamar tana komawa gaba da kanta in ka saki yatsa ko tana liƙewa a baya sai ka tura ta?

Ɗan Ƙofar Sauri:
Baba barka da dawowa. Na canza kam, da mai giram 32 nike sawa, yanzu abin ya yi tsada sai na samu wani mai giram 24 da ɗan sauƙi kuma wlh har na ji daɗinshi don ba ya dukan kafaɗa. Riga kau kun san sanyin bakin ruwa, suwaita nike sawa sannan in ɗora wata jibgegiyar jaket ta gwanjo mai soso a ciki. Mai kuma man keken ɗinki na uwargida nike ɗiba, wani lokaci irin na feshin nan na gwangwani, ina fesa shi ta ramin kunama da ta wurin sefti. Katakon baya ni dai ban taɓa cire shi ba, kuma mahaifinmu ya shekara 6 da rasuwa, ban sani ba ko shi ya taɓa. Kunamar tana komawa gaba, sai dai kamar da ɗan nawa, ba ta yin tsalle irin na da.

Tsohon Soja:
Madalla, ka ba ni rabin amsar da bakinka. Bari in yi maka bayani yadda aka koya mana a ma'ajiyar makamai, ka yi haƙuri zai yi tsawo.

Bindiga mai baki biyu hama biyu gare ta a ciki, kowace da ɗan haƙorin ƙarfe da ke riƙe ta in an ɗana, mu a bariki siya muke ce ma haƙorin nan. In kunama biyu ce irin ta mutumin Daura to ba wata dabara, kowace kunama da haƙorinta. Amma in kunama ɗaya ce dole bayan harbin farko wani abu ya ɗauke ta daga haƙorin farko ya kai ta ga na biyu, kuma hanya biyu ake bi. Akwai wadda faɗuwar hamar farko ko sakin kunamar ne da kanshi ke miƙa ta ga na biyu, wannan ko harsashi bai tashi ba za ta wuce. Akwai kuma wadda aka sa ma ɗan dunƙulen ƙarfe mai lilo a bayan kunama, shi kuma jira yake bindiga ta yi shuri, girgizar nan ce ke wurga shi ya koma ya kama haƙori na biyu. In shurin bai kai ba to shina nan inda yake, ka ja kunama ka ji wayam. Yawancin na sama da ƙasa ƙirar Italiya irin ta biyun nan ce, Beretta 686 haka take, Browning Citori ma da aka fara yi a Japan a 1973 haka ta fito, sai daga baya a samfurin 725 suka koma ɗaya hanyar.

To ka duba abin da ka yi. Ka rage harsashi daga 32 zuwa 24, shuri ya ragu. Ka sa soso tsakanin gindin bindiga da kafaɗarka, wanda ya saura ma ya nutse cikin jaket, kuma mai jibgin kaya ba ya manna bindiga a kafaɗa da kyau. Sannan shekara 6 kana fesa mai cikin rami ba a taɓa wankewa ba, ga ƙurar hunturu, mai da ƙura in sun haɗu sun kwana biyu ai danƙo suke zama, da asuba cikin sanyi kuma ya ƙara daskarewa. Ɗan lilon da ya kamata ya yi motsi da numfashi kaɗan ka ɗaure mashi ƙafa ka kuma rage mai tura shi. Shi ya sa wani lokaci ta yi wani lokaci ta ƙi, a bakin gaɓa take.

Ɗan Ƙofar Sauri:
Ikon Allah. Yanzu da kuka faɗa na tuna, wlh yawanci da sassafe take ƙi, in rana ta ɗaga na tuɓe jaket ba ta cika yi ba. Ni kau har na fara zargin ko wani ya yi mata baki.

Autan Gida:
Baba tambaya, to mi ya sa Turawan suka wahalar da kansu da wannan ɗan lilon, ba sai su bari kunama ta wuce ga na biyu kai tsaye ba?

Tsohon Soja:
Tambaya mai kyau auta. Akwai abin da yatsanka ke yi wanda kai ba ka sani ba. Lokacin da bindiga ta yi shuri tana ja baya ta bar yatsa, sai ta daki kafaɗa ta dawo gaba kunama ta sake cin karo da yatsan, duk cikin abin da bai kai ƙiftawar ido ba, wato ka ja sau biyu kai kana rantsuwa sau ɗaya ka ja. In kunama ta wuce ga haƙori na biyu nan take to wannan jan na rashin sani zai tada bakin na biyu. Maƙeran Ingila sun sha fama da wannan, kamfanin Boss na Landan a 1894 dabarar da suka yi ita ce a bar jan na rashin sani ya faɗa a banza, ja na uku ne ke tada bakin na biyu. Ɗan lilon nan ma aikinshi kenan, ya janye kunama daga komai har girgiza ta wuce sannan ya miƙa ta. Saboda haka ba kwalliya ba ce, mai gadi ne.

Mai Walda na Mashi:
Baba da girmanku amma ni ban yarda duka ba. Shi da kanshi ya ce kunamar tana komawa da nawa, wannan ai sifirin ne ba jaket ba. Kuma maganar magagari da kuke tsoratar da yaro, mu gidanmu maƙera ne, kakana shi ke gyara ma 'yan bindigar hakimi adakarsu ta hawan sallah, da mi yake yi in ba magagari ba? Ba wanda ya mutu. Komai sai a ce sai Bature, ƙarfe dai ƙarfe ne.

Tsohon Soja:
Ban raina sana'ar gidanku ba ɗana, kuma a maganar sifirin ban ce ka yi kuskure ba, zai iya yiwuwa ya gaji. Amma ba a yanke ma sifirin hukunci cikin datti, sai an wanke an ga yadda yake da tsabta. In ya gaji kuma canza shi ake yi ba ja ba, sifirin da aka ja da hannu kwana kaɗan yake komawa inda yake ko ma ƙasa da haka, wani ya karye a ciki guntun ya shiga inda bai kamata ba.

Ƙarfe kuma ba duka ɗaya ba ne. Adakar kakanka shi ya ƙera kayan cikinta ko wani maƙeri irinshi, in ya ci ƙarfen da yawa ya koma maƙera ya buga wani ya sake ba shi ruwa. Haƙorin irin waɗannan bindigogi da yawansu fatar waje kawai aka taurara, siririya ce kamar ɓawon ƙwai, cikin kuma da taushi. Ka goga magagari sau uku huɗu ka cire ɓawon, ranar za ka ji kunama ta yi daɗi ka ce kai gwani ne, amma daga nan duk harbi ƙarfen na cinyewa, bakin haƙorin na zama gangare, har ranar da hama za ta zame ba wanda ya taɓa kunama. Kuma wanda ya yi gyaran ba ya wurin ranar. Abin da ya fi ba ni haushi ma, matsalar yaron nan ba a haƙorin take ba kwata-kwata, haƙorin riƙo yake yi kuma shina riƙewa, abin da ya ƙi shi ne komawa. Mai ciwon ƙafa ne za ka cire ma haƙori.

Malamin Dutsin-ma:
Slm. Na daɗe ina karatu a gidan nan ban taɓa magana ba amma wannan dole in sa baki. Abin da Baba ya faɗa na gani da idona. Abokin farautata kunamar tashi ta yi tauri ya kai ma wani a kasuwa, ba zan faɗi ko wace kasuwa ba, aka goge mashi aka ce an yi mata saiti. Wata biyu shina yabon mutumin. Wata rana bayan Zobe ya harbi zabo sai baki biyun suka tashi tare, ƙarar ma daban ce, ya zauna daɓas a ƙasa kafaɗa ta yi sati tana kumbure, muka yi ta yi mashi dariya muka ce ƙarfin harsashi ne. Sati biyu bayan nan ya sa harsashi ya rufe bindigar kawai, rufewa fa, yatsanshi ko kusa da kunama bai je ba, ta tashi. Allah ya taimaka bakin na kallon ƙasa, ta haƙa rami tsakanina da karenshi, ƙasar ta watso mani har cikin baki. Tun ranar ban ƙara yi ma maganar kunama dariya ba, kuma ban ƙara yarda wani ya rufe bindiga ina gabanshi ba ko ɗan uwana ne.

Maharbin Sabke:
Innalillahi. Allah ya kiyaye gaba malam. Wannan ko mai kunama biyu ba ta tsira ba in an goge ta, gaskiya dai gaskiya ce.

Mai Walda na Mashi:
Allah ya tsare. Amma wannan ai wanda bai iya ba ne ya ci da yawa, ni shafa kawai nike yi.

Malamin Dutsin-ma:
Shi ma wancan shafa ya ce ya yi.

Barista:
Jama'a ku ba ni minti ɗaya in shigo da abin da ba ku son ji. Dokar makamai ta ƙasar nan, wadda aka yi tun 1959 kuma har yau ita ke aiki, ta kasa bindigogi kashi uku. Akwai waɗanda aka haramta sai da izinin shugaban ƙasa, akwai na amfanin kai irin wannan baki biyun da lasisinsu ke hannun Sufeto Janar na 'yan sanda, akwai kuma na ɗuri ta baki irin adaka da ke ƙarƙashin kwamishinan 'yan sanda na jiha. Gyara ma ba a bar shi sakaka ba, mai son ya riƙa gyara ma mutane bindiga sai da takardar izini, kuma izinin gyaran adaka daban na gyaran baki biyu daban. Saboda haka ɗan uwana na Mashi wannan "na yi ma mutane da dama" da ka rubuta a gaban mutum sama da ɗari, ni dai da ni ne da na goge. Kai kuma mai tambaya, lasisi ba ya cikin kayan gado, ba a raba shi da gona da shanu, ina fata ka maida takardun da sunanka.

Ɗan Ƙofar Sauri:
Barista an yi wannan tun shekarar da ya rasu, yayanmu ne ya tsaya sai da aka gama, takardata na nan kuma ina sabuntawa. Ngd da tunatarwa.

Barista:
Madalla. In za ka kai ta gyara ka tafi da takardar a aljihu, bindigar a karye cikin jaka ba harsashi tare da ita. Kun san halin da jiharmu ke ciki, shingen bincike ko ta ina, ga jami'an tsaro ga 'yan sa kai na gwamnati da aka ƙaddamar a 2023, ba lokacin da za a tsaya dogon bayani da mutum a bakin hanya ba ne.

Maharbin Sabke:
Wlh abin takaici, da can in an ce 'yan bindiga a Daura mutanen Sarkin Bindiga ake nufi masu jajayen kaya da ke cika gari da hayaƙin albarushi ranar hawa yara na bin su a guje, yanzu ka ce ɗan bindiga kowa ya watse. Har sunan sun ƙwace mana.

Autan Gida:
Baba tun da ana maganar, ni ma ta wurin aikinmu na gadi mai famfo ce, irin wadda ake jan marikin gaba baya a maida kafin kowane harbi, wani lokaci in na ja famfon na maida sai kunama ta ƙi, sai na sake ja. Ita ma ɗan lilon ne?

Tsohon Soja:
A'a, mai famfo ba ta da shi, hannunka ne ke ɗana ta. Abu biyu nike zargi kuma duka biyun kai ne ba ita ba. Na farko ba ka kai famfon ƙarshe, ko wajen ja baya ko wajen maidawa gaba, in bai kulle a gaba ba an yi ta ne ta ƙi tashi don kada harsashi ya fashe ƙofa a buɗe. Ka ja shi da zuciya ɗaya har ya daki baya ka maida har ka ji ya kulle, ba a lallashinta. Na biyu kana danne kunama ba ka sakinta gaba ɗaya bayan harbi. Akwai ɗan ƙarfe a ciki da ke raba kunama da haƙori da zarar an harba, ba zai sake haɗa su ba sai ka saki yatsa ta koma gaba ka ji ɗan ƙas. Tsofaffi irin Winchester ta 1897 ba su da shi, in yatsa na kan kunama ka rufe famfo tashi take, kuma don gudun wannan haɗarin ne na baya irin su Remington 870 da ta fito a 1950 suka zo da shi. In ka gyara hannunka ka ga ba ta daina ba to datti ne ko sifirin, ka gaya ma mai kula da makamanku, ba taka ba ce balle ka buɗe.

Wannan maganar sakin yatsa har kai mai baki biyu ta shafe ka, mutum in ya ga tsuntsu na tserewa sai ya yi saurin ja na biyu bai gama sakin na farko ba, musamman yatsa ya ƙage da sanyi ko da safar hannu.

Autan Gida:
To Baba ba a iya cire ɗan ƙarfen mai rabawa don ta yi sauri?

Admin:
Auta tsaya nan. Dokar gidan nan tun ranar da aka buɗe shi, ba a maganar cire wani abin kariya daga bindiga, ba a tallar bindiga ko harsashi, ba a tambayar inda ake samu ta bayan fage. Wanda ya sake zan fitar da shi ba sai na yi sallama ba. A ci gaba da maganar gyara.

Autan Gida:
Afuwan admin, tambaya ce kawai ta rashin sani.

Ɗan Ƙofar Sauri:
Baba to yanzu ta ina zan fara, akwai yadda zan tabbatar tawa mai lilon ce ba tare da na kwance komai ba?

Tsohon Soja:
Akwai. Ka fitar da duk wani harsashi mai rai daga ɗakin gaba ɗaya, ba daga bindigar kawai ba, ka kori yara. Ka karya ta ka leƙa baki biyun ka ga haske. In kana da harsashin roba na gwaji ka sa, in babu ka sa kwanson da aka riga aka harba don allurar da ke dakar gindin harsashi ta samu abin daka, amma ka duba shi sau biyu ka tabbata fanko ne. Ka rufe, baki na kallon inda ba kowa, ka ja kunama za ka ji ƙas. Ka saki gaba ɗaya ka sake ja. In ta sake yin ƙas to ba mai lilo ba ce, mu sake lissafi. In ta yi shiru sai ka daki gindinta da tafin hannu da ɗan ƙarfi ko ka buga shi bisa tabarma, ka sake ja. In ta yi ƙas yanzu to ita ce.

Tun da ka riga ka zauna ka yi mani gwaji na biyu. Ka sake ɗana ta fanko, ka cire sefti, kada ka taɓa kunama, ka buga gindin bisa tabarma sau biyu uku, sannan ka karya ka rufe da ɗan ƙarfi. In ka ji hama ta faɗi da kanta ko sau ɗaya to kada ka ƙara sa mata harsashi sai an gyara. Ba mu san hannun da ta bi ba kafin ta zo gare ka.

Maharbin Sabke:
Ka ga wahala, mu masu kunama biyu muna barci.

Ɗan Ƙofar Sauri:
Salam jama'a barkanmu da Juma'a, na dawo da rahoto. Daren jiya na yi gwajin, ja na farko ƙas, na biyu shiru har gabana ya faɗi na ce shi kenan ta mutu, na daki gindin da hannu na ja sai ga ƙas, na maimaita sau biyar duk haka, sau ɗaya ne sai da na daka sau biyu. Gwaji na biyu kuma alhamdulillahi hama ba ta faɗi ba ko sau ɗaya. Yau da asuba na fita bayan gari gonar kawuna da ragowar masu giram 32 guda 12 da na tono cikin akwatin mahaifinmu, na tuɓe jaket na bar suwaita ina rawar ɗari, na manna ta a kafaɗa sosai ina sakin yatsa har ƙarshe. Biyu-biyu sau shida, sau biyar ta yi garau, sau ɗaya ta ƙi, kuma shi ne na farkon fari lokacin ko rana ba ta fito ba. Da na gwada masu 24 da jaket sau uku, sau biyu ta ƙi.

Mai Walda na Mashi:
To kun gani, da harsashi mai nauyi ma ta ƙi sau ɗaya. Na ce maku akwai sifirin a maganar nan.

Tsohon Soja:
Akwai wani abu kam bayan harsashi da jaket, a nan na ba ka gaskiya, lafiyayyar bindiga shida cikin shida za ta yi. Amma ka lura wanne ya ƙi, na farko ne tana da sanyi, da ta ɗumama ta saki. Sifirin da ya gaji ba ruwanshi da fitowar rana, danƙon mai ne ke narkewa. Ni kuɗina na kan datti, in an buɗe aka ga sifirin ne zan faɗa a nan gaban kowa.

Yaro yanzu ka kai ta wurin mai izinin gyara, in ba ka san kowa ba ka tambaya a ofishin da ake sabunta maka lasisi. Ka ce mashi ya cire katakon baya ya wanke kayan ciki tas ya busar, ya sa man bindiga ɗigo kaɗan wurin da ƙarfe ke juyawa kawai, ɗan lilon kusan a bushe ake barinshi, a ƙasarmu mai yawa gayyatar ƙura ne. Ya duba cikin katakon ma ko akwai inda yake gogar ƙarfe, don itace na kumbura da damina ya tsuke da hunturu, kuma in an ɗaure dogon kusoshin da ke riƙe katakon fiye da kima shina iya matse kayan ciki. Sifirin kunama da na lilon in sun gaji a sa sababbi nata na asali. Ka tsaya a kanshi, in ka ga ya ɗauko magagari ko dutsen wasa ya nufi haƙori ka karɓi abinka ka yi mashi sallama. Kuma daga yau gwangwanin feshin nan ka bar ma ƙyauren gida, man keke ka maida ma mai ɗakinka.

Ɗan Ƙofar Sauri:
In sha Allahu Baba, Allah ya saka da alheri ya ƙara lafiya. Uwargida dama ta daɗe tana cigiyar mai shan mata mai. Sai dai maganar sifirin na asali, in ya zama shi ne, bindigar da ta girme ni ina za a samo nata?

Tsohon Soja:
Wannan ita ce mai wuyar. Ka kwafi sunan samfurin da lambar da ke jikinta ka ba mai gyaran, su suna da hanyar odarsu, zai iya ɗaukar wata biyu ko fiye. Kada ka turo lambar nan cikin jama'a.

Mai Walda na Mashi:
Wata biyu kan sifirin da bai kai tsinken sakace ba. Ni dai na yi shiru tun da Barista na nan.

Barista:
Ina nan kau.

Maharbin Sabke:
Kafin nan kirinjijiya sun gama hutunsu sun tafi. Ɗan Katsina in ka ga dama Asabar mai zuwa ka shigo motar Daura da sassafe ka same ni bakin Sabke, ni in harba kai ka riƙa tsinto mani, rabo uku ɗaya naka. Ka taho da jaket ɗin, wurin tsinto ba ta hana komai.

Ɗan Ƙofar Sauri:
Rabi da rabi yaya, kuma kai za ka sayi ƙosai.